Haƙƙin tsofaffi da naƙasassu a komin: sai an rubuta suna ake samun rabo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa ya shafi mutane iri biyu waɗanda babu garin da ba su: tsofaffi da naƙasassu. Za mu ga abin da doka ta ba su, da wanda aka ɗora ma nauyin kula da su, da hanyar da ake bi har taimako ya iso ƙofar gida. A karanta shi sannu a hankali, kashi bayan kashi. In an gama kashi guda, a dakata a tattauna kafin a wuce.

1. Su wane ne ake magana a kansu?

A lissafin hukuma, tsoho shi ne wanda ya kai shekara 60. Naƙasasshe kuwa shi ne mutumin da wata lalura mai daɗewa ta rage ma ƙarfin jiki, ko gani, ko ji, ko hankali, har ta hana shi yin wasu ayyuka kamar kowa. A cikinsu akwai makafi, da kurame, da guragu, da waɗanda kuturta ta taɓa ma hannu ko ƙafa, da masu taɓin hankali.

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, an samu mutum sama da miliyan 17 a Nijar. A cikinsu an rubuta naƙasassu 715.497. Wato a cikin kowane mutum 100, akwai 4 da ɗan ɗori. Idan garinku yana da mutum 500, to ku sa ran akwai naƙasassu wajen 20. Watakila ma sun fi haka, domin wasu iyalai suna ɓoye nasu a ɗaka ranar da masu ƙidaya suka zo.

Tsufa da naƙasa sukan haɗu a jiki guda. Yana tana rufe idon dattijo, ya zama makaho. Hawan jini yana shanye ɓarin jikin tsohuwa, ta kasa tashi. Haɗarin mota ko na babur yana gurgunta saurayi cikin yini ɗaya. Saboda haka wannan darasi na kowa ne. Mai lafiya yau bai san abin da gobe za ta kawo ba, kuma duk wanda ya yi tsawon rai zai tsufa.

2. Jiya da yau

A da, gandu ne ke riƙe da tsoho. Uba da ɗiyansa da ƙannensa suna noma gona guda, suna ci daga rumbu guda. In ƙarfin mai gida ya ƙare, sai ya zauna inuwa yana ba da shawara, furarsa tana zuwa kan lokaci. In gonar gwauruwa ko ta makaho ta yi ciyawa, samari su yi gayya su nome ta. Da kaka a fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, a kai gidan da babu.

Waɗannan al'adu ba su mutu ba, amma ƙarfinsu ya ragu. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun rarrabu wajen gado har sun zama ƴan ƙanana. Gandu ya watse, kowa yana ta kansa. Da an gama girbi samari sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Abijan. Akwai mai aiko da kuɗi, akwai wanda sai a shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Sai ka tarar da tsohuwa ita kaɗai da jikoki, rumbu ya ƙare tun kafin ruwan shuka.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani, in ya aje aiki, yana da kuɗin ritaya, domin ana yankar wani abu cikin albashinsa ana aje masa. Manomi da makiyayi da mai sayar da ƙosai ba su da wannan. Ritayarsu ita ce ɗiyansu da rumbunsu da ƴan awakinsu. In waɗannan sun gaza, ina za su dosa? Nan ne maganar hukuma ta shigo.

3. Abin da doka ta ce

Tun shekarar 1993 Nijar ta yi dokar kare naƙasassu. An gyara ta a 2010. A shekarar 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu. Sa'an nan a watan Disamba na 2019 aka yi sabuwar doka, mai lamba 2019-62, wadda ta shimfiɗa ƙa'idodin shigar da su cikin al'amuran jama'a. Ga kaɗan daga abin da waɗannan dokoki suka tanada:

- Naƙasasshe yana da haƙƙin magani, da karatu, da koyon sana'a, da aiki, kamar kowane ɗan ƙasa.
- Ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta gwamnati ko ta ƴan kasuwa, za ta ware ma naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wato gurbi ɗaya cikin ashirin.
- Gine-ginen jama'a za a yi su yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga.
- Akwai kati na musamman da ake ba naƙasasshe, wanda yake nunawa don a yi masa rangwamen da doka ta ba shi.

Tun 1996 kuma wata dokar gwamnati ta yafe ma naƙasassu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa.

Akwai ranaku uku da ya kamata kowace cibiya ta rubuta a allo. Ranar 31 ga Yuli, ranar naƙasassu ce ta ƙasar Nijar. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ce ta duniya. Ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ce ta duniya. A irin waɗannan ranaku hukumomi sun fi buɗe kunne.

Abin lura a nan shi ne: abin da doka ta ba mutum haƙƙi ne. Mai neman haƙƙinsa ba bara yake yi ba. Ba ya sunkuyar da kai, kuma ba ya ɗaga murya. Yana zuwa da ladabi, da takardarsa a hannu.

4. Komin da aikinta

Komin ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kusa da talaka. Ofishinta shi ne ma'aikatar magajin gari. An yi zaɓen farko na kansilolin komin-komin a duk faɗin ƙasa a shekarar 2004, lokacin suna 265. A shekarar 2010 aka tattara ƙa'idodin aikinsu cikin kundi guda. A cikin ayyukan da kundin ya lissafa ma komin akwai makarantun firamare, da gidajen likita na karkara, da rijiyoyi, da kasuwanni, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Akwai kuma taimakon tsofaffi, da naƙasassu, da marayu marasa gata, da sauran marasa hali. Wannan a rubuce yake.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin ƙasa suka rusa zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa masu riƙon komin-komin. Amma ko zaɓaɓɓe ne bisa kujera ko naɗaɗɗe, ofishin yana nan, ma'aikata suna nan, nauyin marasa hali kuma bai sauka daga kan komin ba.

Ina komin take samun kuɗi? Daga lanhon da masu gari ke tarawa, da tikitin kasuwa, da na tasha, da na dabbobin da aka sayar, da abin da gwamnati ta turo, da gudummawar ƙungiyoyi. Kuɗin ba su da yawa, masu buƙata kuwa da yawa. Don haka kowace shekara ake zama a yi kasafi. Kasafi takarda ce mai gefe biyu: gefe ɗaya abin da ake sa ran samu, ɗaya gefen abin da za a kashe da inda za a kashe shi. Shekarar kasafi tana farawa daga Janairu ta ƙare a Disamba. Ana shirya na baɗi a watannin ƙarshen bana, daidai lokacin da muke ɗaure damma muna kai wa rumbu.

Ku riƙe wannan da kyau: mai riƙe da asusun komin ba ya fid da kuɗi sai a kan abin da aka rubuta cikin kasafi. In ba a rubuta layin taimakon tsofaffi da naƙasassu ba, ko magajin gari ya tausaya, hannunsa a ɗaure yake. Kuma ba a rubuta layin sai an san mutum nawa ne, a wane gari suke, me ke damun su. Garin da ya kai lissafinsa da kaka, an san da shi. Garin da ya bari sai bazara ta yi tsanani sa'an nan ya zo da kuka, za a ce masa an riga an raba. Da ma Hausawa sun ce, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

5. Takardun da ake buƙata

Tsofaffi da yawa an haife su ba a rubuta ba. Ga hukuma, wanda ba shi da takarda kamar ba ya nan ne. Ga takardu huɗu da hanyar samun su.

*Takardar haihuwa.* Ita ce uwar takardu. Jariri ana rubuta shi cikin kwana 60, kyauta, a wurin mai rajistar gari ko a gidan likita. Wanda lokaci ya wuce masa, ko shekararsa 70, yana iya samun takardar alƙali wadda ke maye gurbinta. Ana zuwa da shaidu waɗanda suka san shi. Wani lokaci alƙali da ma'aikatan komin suna fita rangadi ƙauyuka don yin waɗannan takardu. In kun ji sanarwa, ku fara kai tsofaffi da naƙasassu, ko bisa amalanke ne.

*Katin ɗan ƙasa.* Da takardar haihuwa ake yin sa. Ana neman sa wajen karɓar tallafi, da wajen karɓar kuɗin da ɗa ya aiko daga bida.

*Takardar likita.* Likita ne ke duba mutum ya rubuta irin naƙasar da ke gare shi. Da ita ake neman katin naƙasassu. Ku tambayi ma'aikacin kula da jin daɗin jama'a, a komin ko a babban garin gunduma. Ƙungiyoyin naƙasassu ma sun san hanya. Suna da babbar tarayya ta ƙasa da ake ce ma FNPH, makafi kuma suna da ƙungiyarsu, UNAN.

*Takardar shaidar rashin hali.* Ma'aikatar magajin gari ke ba da ita, bayan an bincika an tabbata mutum ba shi da abin hannu, ba shi da mai ɗaukar nauyinsa. Mai gari ko mai unguwa yana ba da shaida. Ana nuna ta a asibiti, a ofishin taimakon marasa hali.

Bayan waɗannan, ku duba katin iyali, wanda ake rubuta mutanen gida don lanho. Ku tabbata sunan tsoho yana ciki da shekarunsa daidai. Ku tabbata ba a tsallake naƙasasshe ba.

Takarda tana tsoron abu uku: ruwa, da gara, da wuta. A sa ta cikin leda, a sa ledar cikin kwano mai marfi ko akwatin ƙarfe. In da hali a yi mata hoto a aje wani wuri dabam.

6. Irin taimakon da ake iya nema

*Wajen lafiya.* Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, haka ma awon ciki da fiɗar haihuwa. Wannan tsari bai haɗa da tsofaffi ba. A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, wannan kuwa ya shafi kowa. Ga marar hali, komin tana iya ɗaukar nauyin magani ko kuɗin mota zuwa babban asibiti, in akwai layin a kasafi. Maganin kuturta kyauta ne, ana shan sa wata 6 ko wata 12, kuma yana warkarwa sarai. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki.

*Wajen abinci.* A lokacin da rumbuna suka ƙare, tsakanin Yuni da Agusta, gwamnati takan fito da hatsi. Wani ana sayar da shi da rahusa daga rumbunan OPVN, wani ana raba shi kyauta ga gidajen da suka fi shiga wahala. Ta hannun komin da masu gari ake zaɓen gidajen. Haka kuma daga 2011 aka fara wani shiri na tallafi, inda aka riƙa ba gidaje marasa ƙarfi jika goma kowane wata har wata 24, a garuruwan da aka zaɓa. A irin wannan rabo, mai ƙafa da baki shi ke fara isa. Gurgu da makauniya da tsohon da ke kwance ba su iya layi cikin rana. In ba a rubuta su tun farko ba, in ba a sa wani amintacce ya karɓar masu ba, rabo zai ƙare suna ɗaka.

*Wajen sana'a.* Naƙasa ba kasawa ba ce. Makafi suna tufkar igiya, suna saƙar gado da kujera. Guragu suna ɗinki, da gyaran rediyo da salula, da walda. Kurame suna noma da gini da kafinta kamar kowa. Abin da suke nema jari ne da wurin zama. Komin ce ke raba rumfunan kasuwa, tana iya ware masu na bakin ƙofa. Tana iya sa su cikin cibiyar koyon sana'a. In ana rabon awakin habbanaye, ko irin shuka, ko filin lambun rani, a sa sunansu. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya kamata ya karɓi mace naƙasasshiya da tsohuwa mai ƴar sana'a.

*Wajen karatu.* A Yamai akwai makarantar makafi, akwai kuma makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Yaron da aka mai da ɗan jagora yana yawon bara da kakansa, shi ma an hana shi lakwal. Gida guda ya yi asara biyu ke nan.

*Wajen gini.* In komin za ta gina aji, ko gidan likita, ko makewayin kasuwa, ku nemi a yi gangare a ƙofa maimakon matakala. Tudun santimita 10 yana son gangare mai tsawon santimita 120. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 don keke ya wuce. In an sa wannan tun ana zanen gini, kuɗinsa kaɗan ne. In sai an gama za a fasa, ya yi tsada.

7. Aikin wanda ya iya karatu

Ga inda ku ɗalibai kuke da babban amfani. Gari yana iya samun masu tausayi ɗari, amma a rasa mai rubutu ɗaya.

Mataki na farko, ku gaya ma mai gari da liman da shugabar mata. Kada a yi kome a bayan idonsu.

Na biyu, a kafa ƴan kwamiti, mutum biyar sun isa. A sa tsoho ɗaya da naƙasasshe ɗaya a ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa mata, don su ke shiga cikin gida.

Na uku, a bi gida-gida da littafi. A nemi izinin mutum kafin a rubuta shi. A ja layi shida: suna, shekaru, namiji ko mace, abin da ke damun sa, wanda ke kula da shi, takardun da ke gare shi. A tambaye shi da bakinsa abin da ya fi buƙata. Wani za ku zaci hatsi yake so, ashe tabarau yake so ya koma ɗinkinsa.

Na huɗu, a karanta sunayen a dandali gaban jama'a, a ware waɗanda suka fi shiga wahala. Abin da ya shafi sirrin ciwon mutum kuwa ya tsaya cikin littafi. Kada a sa ɗan'uwan wani don alfarma. Lissafin da aka cusa ma ƙarya, in an gane, ya ja ma gari duka rashin yarda.

Na biyar, a rubuta wasiƙa. Ga misali:

*Garin ………, ranar ………*

*Zuwa ga shugaban komin ta ………*

*Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mutanen garin ……… muna sanar da kai cewa mun ƙidaya tsofaffi marasa mai taimako su ………, da naƙasassu su ……… Sunayensu suna haɗe da wannan wasiƙa. A cikinsu mutum ……… ba su da takardar haihuwa. Muna roƙo a sa su cikin kasafin baɗi, a tuna da su wajen rabon hatsi, a kuma turo masu yin takardu. Mun gode.*

*Sa hannun mai gari da na ƴan kwamiti.*

A yi ta biyu. A miƙa ɗaya ga sakataren komin, a roƙe shi ya buga hatimi da kwanan wata bisa ta biyun, ku koma da ita gida. A shekarar 2025 kundin ƙasa ya aje Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka kada ku ji nauyin rubutawa da ita. In an nemi fassara da Faransanci, malamin lakwal zai taimaka.

Na shida, a koma bayan wata guda a ji inda aka kwana. In ba a samu ba, a sake komawa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

8. Hattara da abu uku

Ba a biyan kuɗi don a rubuta sunan mutum cikin masu karɓar taimako. Wanda ya ce a ba shi na goro don ya sa suna, a kai maganarsa ga mai gari da shugaban komin.

Kada tsoho ya ba wani katinsa ya tafi da shi, sai amintaccen da ya zaɓa da kansa gaban shaidu.

Kada a dangwala yatsa bisa takarda sai an karanta ta. In an rubuta tiya 20, a auna tiya 20 a gabanku.

9. Abin da gida zai yi da kansa

Komin ba za ta maye gurbin ɗa da jika ba. Ga abin da ba ya son kuɗi da yawa.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Da bazara a riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba, a zaunar da shi inuwa. In haƙora sun zube, a ba shi abinci mai laushi mai gina jiki: kunun gyaɗa, fura da nono, wake da ya dahu lugub, miyar zogale. A rage gishiri da dunƙulen miya.

A kai shi gidan likita a auna jininsa ko ba ya jin ciwo, domin hawan jini ba ya sallama. In an ba shi magani, kada ya bari don ya ji sauƙi. In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take.

Yanar ido tana warkewa da ɗan gajeren aiki a asibiti. Kada a bari mai yawo da tsinke ya taɓa idon, sau da yawa makanta ce ke biyo baya. In gashin ido ya juya ciki yana sukar ƙwayar, shi ma akwai ƙaramin aikin da ake yi kafin ido ya lalace. Ku saurari rediyon gari don jin ranar da likitocin ido za su zo.

Wanda ke kwance ba ya iya juyawa, a juya shi kowane awa biyu, a riƙa sake masa shimfiɗa busasshiya, don kada bayansa ya yi gyambo. A makewayi a kafa masa sanda ko igiyar kamawa, a yi masa kujera mai rami.

Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓawa, kuma tana da magani. In ta tashi, a janye mutum daga wuta da rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa kome a baki. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana surutai, tana fita da dare, gigin tsufa ne ke damun ta. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kada a ce mata mayya. Mai taɓin hankali kuma likita yake buƙata, mari da duka ba su warkar da shi.

Daga ƙarshe, a riƙa zama da su ana hira, ana neman shawararsu. A kira mutum da sunansa, kada a kira shi da lalurarsa. Kaɗaici yana karya tsoho kamar yadda yunwa ke karya shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne a garinku ba su da mai noma masu? Wa ke ciyar da su?
2. Me ya sa ya kamata a kai lissafi komin da kaka?
3. Waɗanne takardu huɗu ne aka ambata? A ina ake samun kowace?
4. A rabon hatsin da ya wuce, an tuna da waɗanda ba su iya fitowa?
5. Mai keke yana iya shiga gidan likitanku da cibiyarku?

Lissafi

1. Gari yana da mutum 800. In akwai naƙasassu 4 cikin kowane 100, su nawa ne a garin?
2. Ma'aikata tana da ma'aikata 60. Gurbi nawa doka ta ware ma naƙasassu?
3. Manomi ya samu dami 70. Dami nawa zai fid da zakka?
4. Tudun ƙofar aji santimita 30 ne. Gangare mai tsawon santimita nawa za a yi?

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya ziyarci tsoho ɗaya ko naƙasasshe ɗaya a unguwarsa. Ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya cika layi shida ɗin nan a littafinsa. Ranar karatu mai zuwa a haɗa su wuri guda a gaban malamin cibiya, a kai ma mai gari. Allah ya ba mu ikon riƙe iyayenmu da mutunci, ya ba mu masu riƙe mu in namu lokaci ya zo.